Ƙungiyoyin taimako na coci a Sakkwato: mi ka sa su wannan aiki?

Tambayoyi ne da mutane ka yawan yi, musamman tunda 'yan gudun hijira daga wajen Sabon Birni da Isa sunka cika gari, aka fara ganin 'yan coci da buhunan hatsi a unguwanni.

Wai don Allah mi ye ribarsu in sun ciyar da wanda ba addininsu ɗaya ba?

Ba riba suke nema ba, umarni ne. A Linjilar Matiyu sura 25 Yesu ya ce a ranar shari'a abin da za a tambayi mutum shi ne ko ya ciyar da mai yunwa, ya shayar da mai ƙishi, ya saukar da baƙo, ya tufatar da marar riga, ya duba marar lafiya da wanda ke kurkuku, kuma ya ce duk abin da ka yi wa mafi ƙanƙanta cikin waɗannan to shi ka yi wa. Ko kaɗan bai ce a fara tambayar addinin mai yunwar ba. Haka labarin Basamariye a Luka sura 10, wanda ya tsaya ya ɗauki mutumin da 'yan fashi sunka yi wa jina-jina ba ɗan ƙabilarsa ba ne, hasali ma ba sa ga maciji da juna.

To ba dabara ce ta jawo mutane coci ba?

Wannan ita ce tambayar da ke zuciyar kowa, kuma ban ga laifin mai yinta ba. Ni dai a wurina duk wanda ya ce sai ka shigo coci zai ba ka kwanon gero ya ci amanar aikin, don ya mai da yunwar mutum tarko. Koyarwar ita ce kowane ɗan Adam Allah ya halicce shi da daraja, kamar yadda ya zo a Littafin Farawa 1:27 na Baibul, kuma darajar ba ta raguwa don mutum ya talauce. A Yola, 2021, Bishop Stephen Mamza ya gina wa waɗanda Boko Haram ta kora gidaje, ya haɗa da masallaci saboda Musulmin cikinsu. Wasu Kirista ma sun yi ta surutu a kai, amma ni na ga ya fahimci abin sarai.

Sabon abu ne a nan?

A'a. Asibitin kutare na Amanawa 'yan mishan na SIM (ƙungiyar mishan ta Sudan Interior Mission) ne sunka fara aikinsa tun zamanin Turawa, lokacin da ko dangi na gudun mai cutar.

Ina suke samun kuɗi?

Akwai baiko na ranar Lahadi da abin da ake tarawa lokacin azumin kwana 40 kafin Ista. Katolika suna da ƙungiyar agaji ta Caritas Nigeria wadda bishop-bishop sunka kafa a 2010, ga kuma ofishin adalci da ci gaba da zaman lafiya a dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop ɗaya, irin dayosis ɗin Sakkwato da Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011. Amma ƙananan ƙungiyoyi su ne sunka fi burge ni, zumuntar mata, da ƙungiyar Vincent de Paul da ɗalibai sunka fara a Faransa a 1833. Tsarin 'yan Vincent de Paul mutum biyu ne za su taka har gida, su zauna kan tabarma a gaisa a tambayi yara, sannan a san ko abinci ne matsalar ko kuɗin haya ko takardar magani da aka rubuta tun makon jiya ba a saya ba. Sau da yawa gwauruwar da ta fi kowa buƙata ba za ta taɓa shiga layi ba saboda kunya, sai an je.

Ya batun ɗaukar hoto ana rabo?

Wallahi wannan yana damuna. Matiyu 6:3 ta ce kada hagunka ta san abin da damanka ke bayarwa, Musulmi ma suna da irin wannan koyarwa kan sadaka. Na san masu ba da tallafi daga waje suna neman shaida, to a rubuta lissafi tsaf, a ajiye rasit, a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita. Amma fuskar tsohuwa riƙe da leda a Facebook ba ta cikin lissafi, sai in ita ta yarda.

Musulmi zai iya sa hannu?

Sosai. Galibi ma sai an bi ta wajen mai unguwa ko liman kafin a gane gidajen da ba a ɗora tukunya ba.