Waiwaye: Tun Yaushe Aka San Raunin Ƙididdigar Cimar Ɗalibai?

Ana ta ja-in-ja kan ko abincin makaranta na rage ƙiba ko yana maganin yunwa, kowane ɓangare da alƙalumansa. Amma yawancin alƙaluman nan daga bakin yaran aka samo su, kuma ba yau aka gano raunin wannan hanya ba.

A shekarun 1930 masaniyar abinci mai gina jiki Elsie Widdowson ta sa aka auna abincin yara sama da dubu a Birtaniya a kan sikeli, mako guda ga kowane yaro. Aikin na da wahala, shi ya sa daga shekarun 1940 aka karkata ga tambaya: me ka ci cikin awa 24 da suka wuce? Sannu a hankali takardun tambayoyi suka mamaye ajujuwa.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1982. A shekarar ce masanin kimiyya Dale Schoeller ya fara gwada wa ɗan'adam wata dabara da wani masanin, Nathan Lifson, ya ƙirƙiro da beraye tun shekarun 1950. Ana shayar da mutum ruwan da ke ɗauke da nau'in haidurojin da oksijin masu ɗan nauyi, a riƙa karɓar fitsarinsa har mako ɗaya zuwa biyu. Saurin fitar sinadaran daga jiki shi ke nuna yawan kuzarin da ya ƙona. Idan nauyinsa bai sauya ba, abin da ya ƙona kusan shi ne abin da ya ci. Nan aka samu ma'aunin da bai dogara da ƙwaƙwalwar kowa ba.

Da aka gwada shi a kan yara a farkon shekarun 1990, aka kwatanta da amsoshinsu, sai ga shi matasa na faɗin ƙasa da abin da suka ci, masu ƙiba sun fi yin hakan. Ba lallai ƙarya suke yi ba. Akwai mantuwa, akwai kunya. Masu bincike da suka zauna suna kallon 'yan firamare a ɗakin cin abinci sun ga yaro ya manta abin da ya ci jiya, ya ambaci wanda bai taɓa ba.

Duk da haka takarda ce ta ci gaba da rinjaye, don ruwan na da tsada, kuma yawan kuzari kawai yake nunawa, ba irin abincin ba. A ganina arha ce ta danne gaskiya, kuma yara ake shirya wa tsari da waɗannan alƙaluma. Ko ɗaukar hoton abinci da waya da ake yayi yanzu, sai yaron ya tuna ya ɗauka kafin ya ci.