Atisayen ƙaramar bindiga ba tare da harsashi ba: tambayoyin da ƙananan jami'ai ke yi

Da yawa daga cikin jami'an da ke ɗaukar ƙaramar bindiga a bakin aiki a Gusau, Talata Mafara ko Ƙaura Namoda, rabonsu da filin harbi tun suna makarantar horo. Harsashi na da tsada, kuma a ƙirge ake ba da shi. Amma akwai atisayen da ba ya cin harsashi ko ɗaya.

Mene ne wannan atisaye, kuma wa ya shafa?

Shi ne mutum ya riƙe bindigar da aka tabbatar babu komai a cikinta, ya yi saiti, ya danna kunama kamar da gaske, yana lura da abin da hannunsa ke yi. 'Yan wasan harbi na Olamfik ma suna ba shi lokaci mai yawa.

A nan ƙasar maganar ta shafi wanda hukuma ta damƙa wa makamin ne: ɗan sanda, soja, jami'in Sibil Difens da sauransu. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da ribolba cikin jerin makaman da aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa. Ko a watan Yunin 2022 da gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi izinin mallakar bindiga saboda 'yan bindiga, wannan doka ba ta sauya ba.

Idan saitina daidai ne, me zai sa in kuskure?

Yatsa. Ɗauki ƙaramar bindiga ƙirar Glock 17: nauyinta babu harsashi bai kai kilo 1 ba, amma kunamarta na buƙatar ƙarfin wajen kilo 2.5 kafin ta tashi. Wato kana danna abin da ya fi bindigar kanta nauyi ninki biyu ko fiye, kuma ana so bakinta kada ya motsa. Beretta 92 ta fi haka wuya a harbin farko, domin kunamar ce ke ɗana ta sannan ta sake ta, jan ya yi tsawo ya yi nauyi.

Sai kuma abin da jiki ke yi da kansa. Mutum ya san ƙara na zuwa, ya san bindiga za ta zabura, sai hannu ya riga ta, ya dunƙule ya tura ƙasa. Shi ya sa harbin badaman mutum ke yawan sauka ƙasa ta hagu, na bahago kuma ƙasa ta dama. A filin harbi ƙara da zabura suna ɓoye wannan aibi, mai harbin ya rantse da Allah bindigar ce ba ta da kyau. Idan babu harsashi, babu abin fakewa: ka danna, ka ga tsinken saiti, wato ɗan ƙarfen da ke saman bakin bindiga, ya nutse da idonka. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa dalili, domin harsashin da ya kauce a bakin kasuwa ba ɓacewa yake yi ba, a jikin wani yake sauka.

Yaya ake yin sa?

Tsaya gaban bango mara zane, bakin bindiga dab da shi amma kada ya taɓa. Babu abin hari, don haka idonka na kan tsinken saiti na gaba kawai. Ɗora tsokar gaɓar farko ta manuniya a kan kunama, ka ja ta miƙe zuwa baya, ƙarfin yana ƙaruwa sannu a hankali ba da fizga ba, har ta yi ƙas. Sauran yatsun suna riƙe da ƙarfi iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Manuniya ce kaɗai ke aiki. Mai sana'ar ɗinkin hula ya san wannan, yatsa ɗaya na tura allura, sauran sun tsaya cak.

Idan ka ga kamar ka iya, sa abokin aikinka ya ɗora maka kwabo ko kwanson harsashi da aka riga aka harba a saman bindigar can gaba. Ka danna. Ya faɗo, to da sauran aiki.

Akwai kuma dawowar kunama. Bayan ta yi ƙas, ci gaba da riƙe ta a baya, ja murfin sama ka sake shi, sannan ka sassauta yatsa a hankali har ka ji ta ƙara yin ƙas. Daga nan harbi na biyu ke farawa, ba sai yatsa ya bar kunama gaba ɗaya ba.

Tsawon wane lokaci?

Minti 10 zuwa 15, a kai a kai. Hannun da ya gaji mugun hali yake koyo.

Ba ya lalata bindiga?

Mafi yawan bindigogin zamani masu cin harsashi 9mm suna jurewa. Masu cin .22 ne ake gudu, domin allurar da ke bugun harsashi tana iya dukan ƙarfen bututu ta yi lahani. Akwai harsashin bogi na roba ko ƙarfe, marar albarushi, da aka yi don wannan. A tambayi mai kula da ma'ajiyar makamai, shi ya san abin da ke hannunsa.

Ina haɗarin yake tunda babu harsashi?

A cikin wannan "tunda" ɗin. Cire gidan harsashi ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga bututu. Tsarin shi ne a fara cire gidan, sannan a ja murfi baya a kulle shi, a leƙa da ido, a taɓa da yatsa, a sake leƙawa. Wanda ya juya tsarin, ya ja murfi kafin ya cire gidan, ya cusa sabon harsashi ne da hannunsa. Harsasai na gaske kuwa a kai su wani ɗaki dabam, ba aljihu ba, ba kan tebur ba.

Duk da haka sai a fuskanci abin da zai iya tare harsashi, kamar tarin buhunan yashi. Zana, langa-langa da ƙofar katako ba sa tare komai, bulo mai rami ma ba abin dogaro ba ne, kuma a gidajenmu bayan kowane bango akwai mata da yara. Saboda haka a bariki ya kamata a yi shi, da sanin na gaba da kai, ba a tsakar gida ba.

Ƙarshen atisaye ya fi farkonsa haɗari. Mutum ya gama, ya mayar da harsasai, aka kira shi a waya, ya dawo hannu ya ce bari in ƙara ɗaya. Don haka malaman harbi ke cewa ka faɗa da baki, "na gama", ka mayar da bindigar ma'ajiyarta, ka bar wurin. Idan wani abu ya katse ka a tsakiya, binciken bututu daga farko za ka sake.

Zai maye gurbin filin harbi?

A'a. Ba ya koya maka jure ƙara da zabura. Ranar da aka samu zuwa fili, malami kan cakuɗa harsashin bogi cikin na gaske ba tare da ka san inda yake ba. Idan layi ya zo kansa, bindiga ba ta tashi ba amma bakinta ya nutse, to malamin zai mayar da kai gaban bango.