Ruwan hita ba tafasasshen ruwa ba ne, don Allah a daina haɗa wa jarirai madara da shi

Assalamu alaikum iyayena mata da 'yan uwana. Tun da sanyi ya fara shigowa nake ta cin karo da abu ɗaya a zagayen da mu ma'aikatan lafiya muke yi gida gida, kuma wallahi abin ya ishe ni shi ya sa na ce bari na rubuta kowa ya gani. Uwa za ta ce min yaro na ta gudawa ya ƙi tsayawa, in tambaye ta da wane ruwa ake haɗa masa madara, sai ta ce ai da ruwan zafi ne malam. To a ina aka tafasa? Sai a nuna min famfon banɗaki, wai daga hita, tankin lantarkin nan mai ɗumama ruwan wanka, ake tara a filas. Haba jama'a! Daga hita?

Na san ba mugunta ba ce, gajiya ce. Mai jego ga rashin barci ga gas ya yi tsada, ga ruwa nan da zafinsa a bango kawai murɗa famfo za ki yi, wa zai ga laifinki da sauri. Amma ki ji ni da kyau, ruwan nan bai tafasa ba. Tafasa sai digiri 100, hita kuwa yawanci wajen 60 zuwa 70 take kaiwa ta kashe kanta, wannan ma in wuta ta zauna kenan. Mu da ake kawo mana wuta awa ɗaya a ɗauke, ruwan ɗumi ɗumi kawai yake yi ya kwana a haka ya wuni a haka, kuma ɗumin nan tsakanin digiri 20 da 45 shi ne daidai inda ƙwayoyin cuta suka fi jin daɗin hayayyafa.

Sannan kun taɓa ganin cikin hitar da ta yi shekara uku huɗu ba a buɗe ba? Ni na sha tsayawa a kan mai gyaran famfo yana kwance ta. Abin da ke fitowa wata laka ce fara fara mai tsakuwa tsakuwa, haɗe da jan tsatsa, har da hannu yake kwasowa yana zubawa a bokiti, ƙarfen da ke ɗumama ruwan kuwa ya yi ɓawo ya daskare ba ka ma gane shi. Yawancinmu ruwan bohol ko rijiya muke turawa tanki, wani wurin ruwan mai zartsi ne, irin wanda sabulu ba ya kumfa da kyau. Yana ɗauke da sinadarin kalsiyam da maganiziyam, da an ɗumama shi sai su rabu da ruwan su kwanta a ƙasa, ga kuma yashi da ke biyowa daga bohol ɗin. Irin farin abin nan ne da kike gani a gindin butar lantarki, bambancin kawai buta kina gani kina wankewa, hita kuwa tana rufe a sama ba mai leƙawa. Shi farin ɓawon ba guba ba ne, kar a ce na ce. Matsalar ita ce lakar ta zama maɓoyar ƙwayoyin cuta, kuma ruwan zafi ya fi na sanyi narkar da ƙarfe daga tanki da bututu, har da dalma in akwai ta a haɗin bututun. To a kan wannan lakar ruwan da kike zuba wa jariri ɗan wata biyu a fida yake kwana.

Kuma ba madara kaɗai ba, na ga masu dama kunu da shi, masu haɗa shayin safe, har da masu ba tsoho ya sha magani wai don kar sanyi ya kama masa ƙirji. A daina. Ruwan hita na wanka ne da wanke wanke, shi ke nan. In dai abu zai shiga baki, a ɗebo ruwan sanyi mai tsafta a ɗora a wuta ya tafasa sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi a tafasa ruwa, a bar shi ya ɗan huce amma kar ya sauka ƙasa da digiri 70, a haɗa madarar, sannan a sanyaya kafin a ba yaro. Kuma ku da kanku kun san abin da muke faɗa kullum a awo, nono zalla har wata 6 ya fi duk wata madarar gwangwani, sai in da lalura.

Ku kuma magidanta ban ƙyale ku ba. An sa hita tun ranar tarewa, yanzu yara uku, ko sau ɗaya ba a wanke ta ba. Duk lokacin zafi tana kashe ruwa na kwance a ciki wata da watanni, da hunturu ya zo sai a kunna kawai a shige wanka. Akwai ƙwayar cuta Lejiyonela, wadda aka gano bayan ta kashe mutane a wani taro a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, a irin wannan ruwan ɗumi mai laka take zama, kuma ta feshin shawa ake shaƙarta ta kawo ciwon huhu mai tsanani, musamman ga tsofaffi da masu shan taba da masu ciwon suga. In kana jin hitarka na ƙara kamar ana soya gugguru, ko ruwan ya daɗe bai yi zafi ba, ko mita na cinye kuɗi ba dalili, lakar ce ta taru.

Abin yi a gurguje:

- a kira mai gyaran famfo ya zubar da ruwan ya wanke cikin, sau ɗaya a shekara, in ruwanku mai zartsi ne duk wata 6
- a kashe wuta kafin a taɓa, kuma kar a kunna sai tankin ya cika da ruwa, in ba haka ba ƙarfen ya ƙone
- a saita zafin a 60, a riƙa sirkawa da na sanyi, a gwada da gwiwar hannu kafin a sa yaro
- in ta daɗe a kashe, a kunna ta yi zafi sosai a bar famfo ya zuba na ɗan lokaci kafin kowa ya yi wanka
- ɗan bawul ɗin nan na gefe da ke ɗiga, kar a toshe shi da leda ko roba, shi ke rage matsin da zai iya fasa tankin, in ɗigar ta yi yawa a canza shi

Yaron da ya riga ya fara gudawa kuma a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, a ci gaba da ba shi nono, a kawo shi yau ba gobe ba. Kuma don girman Allah ruwan da za a haɗa gishiri da sukarin ma kar a taro shi daga hita.