Mene ne "retin" a wasan ches, kuma wai da gaske wata ƙasa ta fi wata iya wasa?

Retin shi ne wannan lambar da ke maƙale a gefen sunanka idan kana buga ches a shafukan intanet irin su Chess.com ko Lichess, ka ci ta hau, a cinye ka ta sauka. Asalin lissafin na wani malamin fiziks ne mai suna Arpad Elo, haifaffen Hungari da ya zauna a Amurka, shi ya sa za ka ji wasu na cewa "Elo ɗinka nawa?" Hukumar ches ta Amurka ta fara amfani da shi a 1960, ita kuma FIDE ta duniya ta karɓa a 1970.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne lambar ita kaɗai ba ta cewa komai, tazarar da ke tsakaninka da abokin karawarka ita ce magana. In ka fi mutum da maki 200 ana sa ran a wasa huɗu ka kwashe kusan uku, in kuma tazarar ta kai 400 to a wasa goma sha ɗaya ka kwashe kusan goma kenan, shi ya sa idan ka doke wanda ke ƙasa da kai sosai sai ka ga an ɗan yafa maka maki ɗaya ko biyu, amma ranar da ya yi sa'a ka bar sarauniyarka, wadda ta fi duk 'ya'yan wasan ƙarfi, a fili ya ɗauke, to ranar za a yi maka aski mai kyau.

Shafukan intanet ɗin ma ba ainihin Elo suke amfani da shi ba, na wani masanin lissafi Mark Glickman ne, Chess.com na amfani da Glicko, Lichess kuma Glicko-2. Kowane da jama'arsa da inda yake fara sabon shiga, Lichess daga 1500 yake farawa. Don haka mai 1500 a Lichess ya zo yana wa mai 1300 a Chess.com kuri, wallahi su zauna tukuna, zai iya shan mamaki. Haka retin ɗin bulet (wasa mai tsananin sauri) da na rapid (mai ɗan tsawon lokaci) ma kowanne daban ake lissafa shi.

To sai batun ƙasashe. Ana yawan yawo da jadawali wai ga matsakaicin retin na kowace ƙasa, mutane su yi ta musu a kai. Na farko dai tutar da ke jikin akawun mutum ne ya zaɓa da hannunsa, ba wanda ya tambaye shi fasfo. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci a ganina, ƙasar da wasan ya yi farin jini ita ce take tara sabbin shiga, su kuma su ja matsakaicin ya yi ƙasa. Ɗauki Indiya. Tun da Viswanathan Anand ya zama giranmastansu na farko (babban laƙabin gwanayen ches) a 1988 abin ke ta bunƙasa, a 2024 sun cinye Olimfiyad, gasar ches ta ƙasashe, a birnin Budapest maza da mata, a Disambar shekarar kuma Gukesh ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18, amma ga ɗimbin yara da suka sauke manhajar jiya, duk da su za a haɗa a raba. Ƙaramar ƙasa da 'yan kulob kaɗai ke shiga sai ta fito sama a jadawali. In ƙarfi ake so a auna, a duba na saman. A Afirka misali Bassem Amin na Masar ne ya fara haura 2700 a lissafin FIDE, shi kuwa Magnus Carlsen ɗan Norwe ya taɓa kai 2882 a 2014.

Buɗe wasa, wato jerin takun farko da mutum ke farawa da su, ma haka ne, sunayen na ruɗa mutane. Akwai Sisiliyan, akwai Faranshi, akwai Italiyan, akwai Ruy Lopez da aka sa wa sunan wani limamin coci ɗan Sifen da ya rubuta littafi a 1561, akwai tsarin Landan da ya samo suna daga gasar da aka yi a birnin Landan a 1922. Tarihi ne kawai, ba wai Faransawa sun fi kowa buga Faranshi ba.

Ni abin da nake gani a kan allo, retin ɗin mutum ya fi tutarsa nuna abin da zai buga. A ƙasa-ƙasa, ko daga Burazil yake ko daga Indonesiya, zai tura sojan gaban sarki e4 (haka ake kiran gidajen allon, harafi da lamba), ka mayar da e5, kafin ka ankara sarauniya ta fito h5 tana neman gama ka a taku huɗu a kan f7. Ka hau sama kaɗan sai ka fara cin karo da masu tsarin Landan, soja d4 sannan bishop f4, kullum jeri iri ɗaya ko me ka buga musu, don duk bidiyon YouTube ɗaya suka kalla. Sai an je can sama ake haɗuwa da wanda ya haddace Sisiliyan taku goma sha biyar, yana bugawa ko daƙiƙa ɗaya ba ya ɓatawa.