Tsabtace takunkumin N95 da hasken UV-C

Tsabtace takunkumi da hasken UV-C hanya ce ta kashe ƙwayoyin cutar da suka maƙale a jikin takunkumin fuska, musamman samfurin N95, don a sake sawa. Asali an ƙera wannan takunkumi ne a sa sau ɗaya a yar. Ƙarancinsa a asibitoci a farkon shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta yi ƙamari, shi ya tilasta wa likitoci neman dabara.

UV-C haske ne da ido ba ya gani, tsawon zangonsa tsakanin nanomita 200 da 280 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Fitilun da aka fi amfani da su masu tururin zaiba ne, suna ba da haske a nanomita 254, wanda ke lalata DNA ko RNA, wato sinadarin gado, na ƙwayar cuta har ta kasa hayayyafa. Rana ma tana fitar da shi, sai dai iskar ozon da ke can sama tana tare shi kafin ya iso ƙasa, don haka shanya takunkumi a rana ba ya maye gurbin fitilar.

Me ya hana a wanke shi kawai? Matacin N95 zaren roba ne siriri mai ɗauke da cajin lantarki, kuma cajin ne ke fizgo ƙananan ƙwayoyi. Sabulu da giyar asibiti suna kashe cajin, takunkumin ya fito fes a ido alhali ya daina tacewa yadda ya kamata. Hasken kuwa ba ya jiƙa komai.

Tsarin da ya fi shahara shi ne na asibitin Nebraska Medicine da ke Omaha a Amurka, wanda aka fitar a watan Maris na 2020. Ma'aikaci zai rubuta sunansa da sashensa a jikin takunkumin, ya sa shi a jakar takarda ruwan ƙasa. A wani ɗaki da aka shafa wa fenti mai mayar da haske, ana rataya takunkuman a kan waya kamar shanyar wanki, tsakanin manyan fitilu biyu, a rufe ƙofa a kunna daga waje. In an gama sai a yi wa kowanne alama, a mayar wa mai shi a farar jaka.

Babban raunin hanyar shi ne inuwa. Hasken ba ya kashe abin da bai taɓa ba, takunkumi kuwa duk lanƙwasa ne da naɗi, ga igiyoyin roba da kan murɗe. Hoda, jan-baki ko man shafawa su ma suna yi wa ƙwayar cuta rumfa. Shi ya sa masu bincike suka ba da shawarar aƙalla jul 1 (ma'aunin makamashi) na hasken a kowane murabba'in santimita, a kowace fuska ta takunkumin. Haske mai yawa yana raunana igiyoyin, yawan sawa da cirewa kuma yana hana takunkumin kama fuska sosai. Fitilar kanta haɗari ce: tana ƙona fata da ido cikin ɗan lokaci.

Da takunkumi ya wadata, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta janye izinin gaggawa na na'urorin tsabtace shi a shekarar 2021, asibitoci suka koma sawa sau ɗaya.