Giɓin albashi tsakanin maza da mata

Giɓin albashi shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ma'aikaciya ke ɗauka da abin da ma'aikaci ke ɗauka idan an haɗa an yi lissafi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta ƙiyasta cewa abin da mata ke samu a duniya ya gaza na maza da wajen kashi 20 cikin ɗari. Wannan ma lissafin waɗanda suka samu shiga aiki ne fa, don matan da ke aiki ko neman aiki ba su kai rabi ba, maza kuwa sun haura kashi 70.

A takarda dai an daɗe da kashe maganar. Tun 1951 ILO ta fitar da yarjejeniyar biya daidai kan aiki mai daraja ɗaya, Amurka ta yi tata dokar a 1963, Birtaniya kuma a 1970, bayan mata masu ɗinka rigunan kujerun mota a masana'antar Ford ta Dagenham sun tafi yajin aiki a 1968 saboda an jefa su ajin masu ƙarancin ƙwarewa, sai da harkar haɗa motoci ta tsaya cak.

To me ya hana giɓin rufewa? Claudia Goldin, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa yawancin tazarar yanzu cikin sana'a ɗaya take, kuma daga haihuwar fari take buɗewa. A ɗauki mace da namiji masu digiri iri ɗaya da aka ɗauka aiki rana ɗaya, albashinsu kusan kunnen doki ne har ta haihu. Daga nan yaro na zazzaɓi ita za a bugo wa daga makaranta, mitin ɗin ƙarfe shida na yamma ya gagare ta, tafiyar aiki ta sati biyu ta ce a ba wani, ranar ƙarin girma kuma wanda oga ya saba gani a ofis da dare shi zai tuna. Ayyukan da ke biya da tsoka su ne masu cinye lokacin mutum kaf, wani kuwa dole ya riƙe gida. Ko a Denmak mai gatan hutun haihuwa bincike ya gano kuɗin shigar uwa na raguwa da kimanin kashi 20 kuma ba ya farfaɗowa, na uba ko gezau.

Aikin gidan nan da ba a biya ba ƙarami ba ne. Rahoton ILO na 2018 ya ce mace na kashe awa 4 da minti 25 kullum a raino da hidimar gida, namiji awa 1 da minti 23. Ga kuma sana'o'in da mata suka fi yawa, irin su jinya da koyar da ƙananan yara da shara, dama can kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne tsufa, tunda da albashi da shekarun aiki ake lissafa fansho, duk shekarar da aka zauna raino sai ta sake cin mace a gaba. A Tarayyar Turai fanshon mata ya gaza na maza da wajen kashi ɗaya bisa huɗu, ga shi kuma mata sun fi tsawon rai, wato ƙaramin kuɗi ne zai ja doguwar tafiya. In aure ya mutu ko miji ya rasu sai a ga babu wani ajiya a ƙasa.

Ƙasar Ayislan ta ɗan bi wata hanya daban. Ranar 24 ga Oktoba 1975 kusan kashi 90 na matan ƙasar suka ajiye aiki, na ofis da na gida duka, maza suka kwashi yara zuwa wurin aiki. A 2018 kuma wata doka ta fara aiki, wadda ta ce duk ma'aikata mai mutum 25 zuwa sama ita ce za ta kawo shaidar tana biya daidai, in ba haka ba a ci ta tara.