Waiwaye: Yadda Leica ta tsallake rijiya da baya

A farkon 2005 kamfanin Leica na Jamus ya kai gargara. Bankuna sun fara janye bashin da suke ba shi, masu ɗaukar hoto kuma sun watsar da fim sun koma kyamarorin dijital na Canon da Nikon.

Alhali Leica ce ta koya wa duniya yawo da ƙaramar kyamara. Oskar Barnack, ma'aikacin masana'antar Ernst Leitz a garin Wetzlar, shi ya ƙera samfurin farko wajen 1914, da fim ɗin silima mai faɗin milimita 35. Ta shiga kasuwa a 1925, sannan M3, kyamara ta farko a jerin da ake kira M, ta fito a 1954. Daga nan kamfanin ya kwanta a kan tsohon suna, Japanawa suka wuce shi.

Wanda ya ceto shi ba injiniya ba ne. Andreas Kaufmann tsohon malamin makaranta ne da ya gaji dukiya daga masana'antar takarda. Ya fara sayen hannun jari a 2004, a 2006 ya karɓe kason kamfanin kayan ƙawa na Hermès na Faransa, ya mallaki sama da kashi 90 cikin ɗari.

Matakin farko ya zo da abin kunya. M8, kyamarar dijital ta farko a jerin M, ta fito a 2006, sai masu saye suka lura baƙar riga tana fitowa a hoto da launin shunayya, saboda wani haske da ido ba ya gani yana kutsawa ciki. Mutum ya zuba dubban yuro, kwat ɗin ango ta canza launi! Dole kamfanin ya riƙa raba gilashin tace haske kyauta. Sai ranar 9 ga watan 9 na 2009 M9 ta wanke masa fuska.

A ganina dabarar Kaufmann ita ce sanin abin da ba a taɓawa. An sauya 'yan hanjin kyamarar, an bar siffarta, an bar mahaɗin gilashinta yadda yake, har yau gilashin da aka ƙera a zamanin M3 yana ɗauruwa a jikin sabuwar M. Kuɗin faɗaɗawa kuwa daga waje suka zo: kamfanin zuba jari na Blackstone na Amurka ya sayi kashi 44 a 2011, Leica kuma ta bar garin Solms, inda take a lokacin, ta koma gida Wetzlar a 2014.

Wayar salula, wadda ta kashe kasuwar ƙananan kyamarori, ita ma Leica ta ci ribarta. Ta ɗora sunanta a wayoyin Huawei daga 2016, sannan na Xiaomi daga 2022. Tsofaffin masoyanta sun yi ta gunaguni cewa an mai da sunan haja. Su ma ba a bar su hannu rabbana ba: a 2016 aka fitar musu da M-D, dijital marar allon duba hoto a baya, a 2022 kuma aka dawo da M6 mai cin fim.